Idan Ɓera da Sata, Daddawa Ma da Wari: Rawar da Ƙananan Sinadaran Ƙwaƙwalwa Ke Takawa Wajen Kwaɗayi da Jin Daɗi

Bahaushe ya ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk wata halitta mai motsi ba ta shan wahala sai don wani abin da take sa ran samu, ko abinci, ko ruwa, ko abokin zama, ko mafaka. Idan ta yi wani aiki ta sami biyan bukata, to gobe ma za ta koma ta sake yinsa. Da wannan tsari dabbobi suke rayuwa, da shi kuma ɗan Adam yake koyon mafi yawan ɗabi'unsa. Sai dai akwai wani lamari mai ɗaure kai, wanda iyaye da malamai da likitoci suka sha gani: mutum ya kamu da shan wani abu, har ya kai matsayin da shi da bakinsa yake cewa ya daina jin daɗinsa, amma kuma ya kasa bari. Idan daɗi ne ya kai shi, me ya riƙe shi bayan daɗin ya gushe?

Fiye da shekara 70 ke nan masana kimiyyar ƙwaƙwalwa suna neman amsar wannan tambaya, kuma mafi yawan abin da suka gano sun gano shi ne ta hanyar nazarin farin ɓeran ɗakin bincike. Ƙwaƙwalwar wannan ɓera ba ta wuce nauyin giram 2 ba, tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin miliyan 200, alhali ta mutum tana da kusan biliyan 86. Duk da wannan tazara, sassan da ke kula da yunwa da tsoro da kwaɗayi suna da tsari iri ɗaya da sinadarai iri ɗaya a wurin ɓera da mutum. Daga cikin waɗannan sinadarai akwai wani rukuni da ake kira niyuropeftayid, kuma a kansu wannan maƙala za ta yi bayani.

Lada da Ƙarfafa Ɗabi'a

A wannan fanni, kalmar lada tana nufin duk wani abin da dabba za ta yi aiki domin ta same shi. Ƙarfafa ɗabi'a kuwa shi ne yadda samun ladan ke sa dabbar ta ƙara maimaita aikin. A shekarun 1930 wani masanin halayyar dabbobi ɗan ƙasar Amurka, B. F. Skinner, ya ƙera wani akwati mai ɗauke da ɗan madanni. Idan ɓera mai jin yunwa ya danna shi, sai ƙwayar abinci ta faɗo. Cikin ɗan lokaci ɓeran yakan gane, ya dinga dannawa. Wannan akwati ya ba masana damar auna kwaɗayi da alƙaluma, amma bai gaya musu abin da ke gudana a cikin kan ɓeran ba.

Ƙofar ta buɗe ne a Jami'ar McGill da ke Kanada. James Olds da Peter Milner sun dasa siririyar waya a cikin ƙwaƙwalwar wani ɓera domin su aika masa da ɗan ƙaramin lantarki, sai wayar ta kauce wa inda suka nufa. Suka lura cewa ɓeran yana yawan komawa kusurwar da aka ba shi lantarkin, kamar mai neman ƙari. Da suka haɗa wayar da madanni, sai ɓeraye suka shiga aika wa kansu da lantarkin. Sun buga sakamakon a shekarar 1954. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa idan wayar ta faɗa wasu wurare, ɓera yakan danna sau dubbai a cikin awa ɗaya, har ma wani yakan bar abinci yana jin yunwa domin ya ci gaba da dannawa.

Daga baya aka gano cewa waɗannan wurare suna kan wata hanya ta jijiyoyi da ta taso daga wani yanki na tsakiyar ƙwaƙwalwa da ake taƙaita sunansa da VTA, ta nufi wani curi da ke can gaba mai suna akumbens. Saƙon da ke bin wannan hanya shi ne sinadarin dofamin. A 1988 Gaetano Di Chiara da Assunta Imperato, a birnin Cagliari na Italiya, sun auna ruwan ƙwaƙwalwar ɓeraye masu yawo a sake, suka ga cewa mofin da hodar ibilis da barasa da nikotin duk suna ƙara yawan dofamin a akumbens. Saboda irin wannan sakamako, an daɗe ana yi wa dofamin laƙabi da sinadarin jin daɗi. Kamar yadda za a gani a gaba, laƙabin bai dace da shi sosai ba.

Mene ne Niyuropeftayid?

Ƙwayoyin jijiya suna magana da juna ta hanyar sinadarai. Wasu sinadaran, irin su gulutamet da GABA, ƙanana ne ƙwarai, kuma aikinsu na gaggawa ne. Ƙwaya ɗaya takan saki sinadarin a daidai mahaɗarta da maƙwabciyarta, saƙon ya isa, a kwashe sinadarin, duk a cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Wannan ya yi kama da raɗa tsakanin mutum biyu.

Niyuropeftayid kuwa gajeriyar sarƙa ce ta amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su. Wata sarƙar tana da tubali 5, wata 9, wata ta haura 40. Ana fara ƙera su a matsayin dogon furotin a cikin ƙwayar jijiya, sannan a yayyanka shi gunduwa-gunduwa, a ɗura a cikin 'yan jakunkuna. Ba a cika sakinsu ba sai ƙwayar ta daɗe tana aiki da ƙarfi. Idan an sake su, sukan bazu su kai ga ƙwayoyin da ke ɗan nesa, kuma tasirinsu yakan ɗauki daƙiƙoƙi ko mintoci. Misalinsu shi ne turaren wuta: a kusurwa ɗaya ake kunna shi, amma yakan sauya yanayin ɗakin baki ɗaya. Kowane ɗayansu yana da makarɓarsa a jikin ƙwayar jijiya, wadda ta dace da shi kamar yadda mabuɗi ke dacewa da kwado. Ƙwayar da ba ta da makarɓar ba za ta ji saƙon ba.

Masanin nan na ƙasar Holan, David de Wied na Jami'ar Utrecht, shi ne ya ƙirƙiro sunan a farkon shekarun 1970, bayan da ya ga cewa wasu gutsattsarin sinadaran jiki suna sauya yadda ɓeraye ke koyo da tunawa. A yau an san fiye da iri 100 a ƙwaƙwalwar dabbobi masu shayarwa.

Mofin na Cikin Jiki

Tun zamanin da can mutane suka san cewa ƙaron wani fure, wato ofiyom, yana kashe zafin ciwo kuma yana sa maye. Daga cikinsa ake fitar da mofin da kodin. A 1973 ƙungiyoyi uku na masana, wato Candace Pert da Solomon Snyder a Baltimore, da Eric Simon a New York, da Lars Terenius a Uppsala ta Suwidin, suka tabbatar cewa akwai makarɓa ta musamman a ƙwaƙwalwa wadda mofin ke kamawa. Nan take tambaya ta taso: me zai sa jiki ya tanadi kwado domin mabuɗin da ke cikin wani tsiro? Ruwa ba ya tsami banza, lalle akwai mabuɗi na cikin gida.

John Hughes da Hans Kosterlitz na Jami'ar Aberdeen a Sikotilan su suka fara gano shi a 1975, bayan sun tace ƙwaƙwalen aladu masu tarin yawa. Sarƙoƙi biyu ne masu tubali biyar-biyar, suka sa musu suna enkefalin. A 1976 Choh Hao Li a San Francisco ya fitar da wani mai tubali 31 daga wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwar raƙumi, shi ne beta-endofin. A 1979 Avram Goldstein ya bayyana na uku, dainofin. Makarɓansu manya guda uku ne, an sa musu sunayen haruffan Girkanci: miyu, delta da kafa. Mofin da beta-endofin sun fi kama miyu, enkefalin yana kama delta da miyu, dainofin kuwa kafa ce tasa.

Ba a daɗe ba aka gwada su a kan ɓeraye. A 1977 James Belluzzi da Larry Stein sun nuna cewa ɓera zai danna madanni domin a ɗiga masa enkefalin a cikin ƙwaƙwalwa. A 1981 Michael Bozarth da Roy Wise sun ga ɓeraye suna ɗiga wa kansu mofin kai tsaye a cikin VTA. A 1992 Steven Johnson da Alan North suka bayyana dabarar: a cikin VTA akwai ƙwayoyin GABA da ke taka wa ƙwayoyin dofamin birki. Idan mofin ko endofin ya kama makarɓar miyu da ke jikin waɗannan masu birki, sai su yi shiru, ƙwayoyin dofamin su sami sake.

Yadda Ake Tambayar Ɓera

Ɓera ba ya magana, don haka masana suka ƙirƙiro hanyoyin karanta zuciyarsa daga aikinsa. Hanya ta farko ita ce a bar shi ya ba kansa magani ta wani siririn bututu da aka sa a jijiyar jininsa, dabarar da James Weeks ya fito da ita a 1962. Ta biyu ita ce ƙarin farashi: ladan farko a danna sau ɗaya, na gaba sau biyu, na gaba sau huɗu, haka dai har ɓeran ya ga abin ya yi tsada ya haƙura. Inda ya tsaya shi ne ma'aunin kwaɗayinsa. Ta uku ita ce akwati mai ɗaki biyu masu bambancin launi da daɓe. A ɗaya a ba shi magani, a ɗayan a ba shi ruwan gishiri kawai. Bayan kwanaki sai a buɗe ƙofa ba tare da an ba shi komai ba. Idan ya fi zama a ɗakin maganin, ya so abin. Idan ya guje shi, ya ƙi shi.

Dukkan waɗannan hanyoyi nema suke aunawa. Hanyar da ke auna daɗin kansa ita ce wadda Harvey Grill da Ralph Norgren suka bayyana a 1978. Ana ɗiga wa ɓera ruwa a baki ana ɗaukar hoton fuskarsa. Idan ruwan sukari ne, yakan dinga fito da harshe yana lashe leɓe da tafin hannu. Idan kwinin ne mai ɗaci, sai ya wangale baki, ya girgiza kai, ya yarfa hannuwa. Jariri sabon haihuwa ma irin fuskar da yake yi ke nan idan aka ɗanɗana masa zaƙi ko ɗaci. Ta ƙirga waɗannan alamu ake sanin ko wani sinadari ya ƙara wa sukari daɗi ko ya rage.

Kwaɗayi Daban, Jin Daɗi Daban

A 1989 Kent Berridge da Terry Robinson da abokiyar aikinsu Isabel Venier, a Jami'ar Michigan, sun lalata ƙwayoyin dofamin na wasu ɓeraye da wata guba. Ɓerayen suka daina neman abinci da ruwa gaba ɗaya. Ko da an tara abinci a gabansu ba za su taɓa ba, sai an ciyar da su ta bututu. Masanan sun zaci sukari ya daina yi musu daɗi. Amma da aka ɗiga musu shi a baki, sai suka lashe leɓe kamar kowane lafiyayyen ɓera. An maimaita gwajin a shekarun 1990 da ɓerayen da suka rasa kusan kashi 99 cikin 100 na dofamin ɗinsu, sakamakon bai sauya ba. Daɗi yana nan, abin da ya mutu shi ne himmar nema.

To ina daɗin yake? A 2005 Susana Peciña da Berridge sun riƙa ɗiga wani sinadari mai kama makarɓar miyu a wurare daban-daban na akumbens, suna zana taswira. Kusan duk inda suka ɗiga a ɓangaren da suka bincika, ɓeran yakan ƙara cin abinci. Amma a wani ɗan wuri guda da bai wuce milimita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi ba, sai alamun jin daɗin sukari suka ninka sau biyu ko fiye. An sami wani wurin irinsa a wani yanki na kusa mai suna falidum na ƙasa, wanda idan aka lalata shi, ɓera yakan wangale wa sukari baki kamar an ba shi maɗaci. Haka kuma Ann Kelley ta Jami'ar Wisconsin ta nuna cewa motsa makarɓar miyu a akumbens yana sa ƙosasshen ɓera ya afka wa abinci mai maiƙo. Idan kuma aka ba ɓera maganin naloksun, wanda ke toshe waɗannan makarɓai, shan ruwan zaƙinsa yakan ragu.

Abin da wannan ke nunawa shi ne, hanyar kwaɗayi babbar hanya ce mai faɗi, mai sauƙin tayarwa, dofamin ne direbanta. Wuraren jin daɗi kuwa 'yan ƙanana ne, kuma sinadarai irin su enkefalin ne ke kunna su. A rayuwar yau da kullum su biyun tare suke tafiya, shi ya sa ba a lura da bambancinsu. A 1993 Robinson da Berridge sun kawo ra'ayin cewa yawan shan ƙwaya yana sa hanyar kwaɗayi ta ƙara kaifi, alhali daɗin yana tsaye ko yana raguwa. Ta haka ake samun mai nema ido rufe, wanda ba ya jin daɗin abin da yake nema.

Oreksin da Warin Daddawa

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kwaɗayi ba ya tashi shi kaɗai, akwai alamar da ke tayar da shi: wari, ko wuri, ko ƙara, ko fuskar abokin shan. A 1998 ƙungiyoyi biyu suka gano wani sabon niyuropeftayid a lokaci guda. Takeshi Sakurai da Masashi Yanagisawa a Dallas suka kira shi oreksin, daga kalmar Girkanci mai nufin sha'awar abinci, su kuwa Luis de Lecea da Gregor Sutcliffe a Kalifoniya suka kira shi haifokiretin. Ƙwayoyin da ke ƙera shi 'yan dubbai ne kawai a ƙwaƙwalwar ɓera, duk a yankin haifotalamas, amma rassansu sun kai kusan ko'ina. Rashinsu ne ke jawo ciwon nan da ke sa barci ya kwashe mutum ba shiri da rana tsaka.

A 2005 Glenda Harris da Mathieu Wimmer da Gary Aston-Jones sun yi amfani da akwati mai ɗaki biyu, suka ga cewa idan ɓera ya shiga ɗakin da ya saba samun mofin ko hodar ibilis ko abinci, ƙwayoyin oreksin sukan farka, kuma gwargwadon farkawarsu gwargwadon son da yake yi wa ɗakin. Bayan an daɗe ba a ba shi komai ba har ya daina damuwa da ɗakin, ɗiga masa oreksin a VTA yakan dawo da tsohon neman. A 2009 Stephanie Borgland da abokan aikinta sun nuna cewa toshe makarɓar oreksin yana rage farashin da ɓera zai yarda ya biya domin hodar ibilis ko abinci mai maiƙo, amma bai taɓa ƙoƙarinsa na neman abincin yau da kullum ba. Ke nan oreksin shi ne ke zaburar da dabba ta jure wahala domin lada mai tsoka, idan alamarsa ta bayyana.

Lokacin da Zuma Ta Koma Maɗaci

Jiki ba ya son abu ya wuce kima. Duk lokacin da aka tura shi gefe guda, yakan tayar da wani ƙarfi da zai ja shi ya dawo. A 1998 Serge Ahmed da George Koob, a Cibiyar Bincike ta Scripps, sun raba ɓeraye gida biyu. Rukuni na farko yana samun damar shan hodar ibilis awa 1 a rana, na biyu awa 6. Na farko ya tsaya a kan ƙima ɗaya har tsawon makonni. Na biyu kuwa kullum sai ƙara yawan sha yake yi. A 2002 aka auna irin waɗannan ɓeraye da wayar Olds da Milner, aka ga cewa masu awa 6 suna bukatar lantarki mai ƙarfi fiye da da kafin su ga ya cancanci dannawa, kuma abin yana ƙaruwa rana bayan rana. Ma'ana, duk wani lada ya rage armashi a wurinsu.

Niyuropeftayid guda biyu ne a sahun gaba wajen wannan sauyi. Na farko shi ne dainofin. Duk da cewa ɗan'uwan endofin ne, aikinsa kishiyar nasa ne: yana rage sakin dofamin a akumbens. A 1985 Ronald Mucha da Albert Herz a birnin Munik na Jamus sun nuna cewa ɓera yana guje wa ɗakin da aka ba shi maganin da ke motsa makarɓar kafa, kuma mutanen da aka gwada irin wannan magani a kansu sun ba da labarin ƙunci da ɗimuwa. Yawan shan hodar ibilis yana ƙara yawan dainofin a ƙwaƙwalwar ɓera.

Na biyu shi ne CRF, mai tubali 41, wanda Wylie Vale ya fitar a 1981 daga ƙwaƙwalen tumaki dubu ɗaruruwa. Shi ne mai kaɗa gangar tashin hankali a jiki. Idan aka yanke wa ɓeran da ya saba da barasa shansa, CRF yakan yi yawa a wani yanki mai kula da tsoro da ake kira amigdala, ɓeran ya zama mai firgici, yana ƙin fita fili. A 2006 aka nuna cewa toshe CRF a wannan yanki yana rage shan ɓeran da ya kamu, amma ba ya sauya komai a wurin wanda bai kamu ba. An sami irin wannan sakamako a 2008 da maganin da ke toshe makarɓar kafa. Haka kuma Yavin Shaham da Jane Stewart sun nuna a 1995 cewa ɗan jan lantarki a ƙafa, wato tashin hankali, yana mayar da ɓeran da ya daina hiroyin ga neman ta, kuma daga baya aka ga toshe CRF yana rage wannan komawa.

Akwai mai sanyaya wuta, wato niyuropeftayid Y, mai tubali 36, wanda Kazuhiko Tatemoto da Viktor Mutt suka gano a Suwidin a 1982. Yana ƙara cin abinci, yana kuma kwantar da amigdala. Zuriyar ɓeraye masu son barasa da aka kiwata a Jami'ar Indiana suna da ƙarancinsa a wannan yanki.

A nan amsar tambayar farko take. Da farko ɓera yana danna madanni ne domin ya sami daɗi. Daga baya yana dannawa ne domin ya kori ƙuncin da rashin maganin ya jefa shi. Aikin ɗaya ne a ido, amma dalilin ya sauya, sinadaran da ke tura shi ma sun sauya. Sabo turken wawa, in ji masu iya magana, kuma wannan turke a cikin ƙwaƙwalwa aka kafa shi.

Ladan Zumunci

Waɗannan hanyoyi ba domin ƙwaya aka yi su ba. A 1979 Cort Pedersen da Arthur Prange sun ɗiga oksitosin, mai tubali 9, a ƙwaƙwalwar ɓerayen da ba su taɓa haihuwa ba, sai da yawansu suka shiga tattara jariran wasu suna lashe su. Jaak Panksepp ya nuna cewa wasan kokawar da 'ya'yan ɓera ke yi yana da alaƙa da makarɓan endofin. A 2001, a Jami'ar Rutgers, aka ga cewa uwayen ɓeraye a farkon jego sun fi karkata ga ɗakin da ke tuna musu da 'ya'yansu a kan na hodar ibilis, amma da 'ya'yan suka tasa sai zaɓin ya juya. A 2007, a birnin Bodo na Faransa, kashi 94 cikin 100 na ɓerayen da aka ba zaɓi sun fifita ruwan zaƙi a kan hodar ibilis. A 2018 Marco Venniro da abokan aikinsa sun ba ɓerayen da suka saba da hiroyin zaɓi tsakanin maganin da ɗan zama da wani ɓera, kusan kullum abokin suke zaɓa, sai fa idan an jinkirta haɗuwar ko an haɗa ta da horo. Ɓeran da ke kulle shi kaɗai da madanni ɗaya, da wanda ke da abin zaɓi, ba ɗabi'a ɗaya suke nunawa ba.

Daga Ɓera Zuwa Mutum

Wannan ilimi ya shafi Nijeriya kai tsaye. Kodin ɗin da ke cikin wasu magungunan tari, hanta takan mayar da wani kaso nasa mofin. Tiramadol ma hanta takan juya shi zuwa sinadarin da ke kama makarɓar miyu. Wato kwadon da aka tanada domin enkefalin da endofin shi suke buɗewa, da ƙarfin da ya wuce kima kuma na tsawon lokaci. Binciken ƙasa na shekarar 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar da tallafin ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken. Daga ciki miliyan 4.6 sun sha dangin tiramadol ba bisa umarnin likita ba, miliyan 2.4 kuma sun sha maganin tari domin maye. A watan Mayu na 2018 gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin.

Binciken ɓeraye ya taimaka wajen samar da magunguna. Naltireksun, mai toshe makarɓar miyu, ya sami amincewa a Amurka a 1984 domin masu shan dangin mofin, a 1994 kuma domin masu shan barasa. Metadon da bufirenofin, waɗanda ke riƙe makarɓar a hankali su hana azabar yankewa, sun shiga jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2005. Naloksun yakan farfaɗo da wanda ya sha fiye da kima, domin akwai makarɓar miyu a cibiyar numfashi, kuma tsayawar numfashi ce ke kisa. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya daina na wani lokaci sannan ya koma ya sha adadin da ya saba, saboda juriyar jikinsa ta riga ta ragu.

Sai dai ɓera ba mutum ba ne. Magungunan toshe CRF, waɗanda suka yi aiki sosai a jikin ɓeraye, da aka gwada su a kan masu shan barasa a 2015 da 2016 ba su rage musu kwaɗayin sha ba. Mutum yana da harshe, da imani, da kunya, da tunanin gobe, kuma talauci da rashin aikin yi da mutuwar aure ba abubuwa ba ne da za a iya kwaikwaya a cikin akwati.

Duk da haka akwai darussa uku da iyaye da malamai za su iya riƙewa. Na farko, wanda ya kamu ba lalle ne daɗi yake bi ba, sau da yawa ƙunci yake gudu, don haka duka da ɗauri da tozartawa suna ƙara rura wutar CRF ɗin da ke mayar da shi ga sha. Asibiti da ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa ne wurin kai shi. Na biyu, tsohon wurin sha da tsofaffin abokai suna iya tayar da kwaɗayi ko bayan watanni, saboda haka sauya muhalli wani ɓangare ne na magani. Na uku, sana'a da karatu da wasa da zumunci lada ne na gaske a ma'aunin ƙwaƙwalwa, suna bin hanyoyin da ƙwaya ke bi, kuma suna iya yin gogayya da ita. Matashin da ke da abin yi da mutanen da ke jansa a jiki ya fi wanda aka bari shi kaɗai samun kariya, kuma rigakafi ya fi magani.